Tambaya da Amsa: 'Yar kwalbar NCAM za ta tayar da hannun Baba?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki tun ƙarshen damina, hannun dama ba ya ɗaguwa. Yayana ya turo mini hoton wata 'yar kwalba da aka rubuta wa NCAM, wai furotin ne na ɗan Adam mai haɗa jijiyoyi, an yi shi a ɗakin gwaji. Mu haɗa kuɗi mu sayo a yi wa Baba allura? Daga wata 'yar'uwa, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan jinya. 'Yar'uwa, don Allah kada ku saya.

Yayanki bai yi ƙarya ba, furotin ɗin akwai shi, yana jikina yana jikinki. A bayan kowace ƙwayar jijiya yake tsaye, gindinsa a kafe cikin fatar ƙwayar, kansa a waje, ya kama ɗan'uwansa na ƙwayar da ke kusa kamar mutum biyu sun riƙe hannu. Da haka jijiyoyin jariri ke samun hanyarsu tun yana ciki. Wani masanin kimiyya mai suna Gerald Edelman da abokan aikinsa ne suka gano shi a birnin New York na Amurka, a shekarun 1970.

Na cikin kwalbar fa? Ana ɗaukar ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin sa, a sa ta cikin wasu ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji, su yi ta fitar da shi, a tace, a busar ya zama gari. Galibi sashen waje kaɗai ake yi, ba gindi, to da me zai riƙe? Kuma ko an zuba shi a jini, girmansa ba zai bar shi ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba, alhali ciwon Baba can yake: jini ne ya yanke wa wani sashe, ko jijiyar jini ta fashe. Ki sa a karanta miki takardar kwalbar, za ki ji an ce don bincike kawai. Ba a gwada shi a kan majinyaci ba, ba a tsabtace shi irin na allura ba. Ga shi yana son sanyin firiza, ki tuna zafinmu na Afrilu.

Ban raina shi ba, wallahi yana da daraja a wurinsa. Da irinsa ake gwada sinadaran da likitoci ke gane wasu nau'o'in sankara da su, inda suke kiransa CD56. A 1998 masu bincike na Cibiyar Pasteur ta Faris suka nuna cewa ƙwayar cutar haukan kare na bi ta kansa ta shiga jijiya. Mu da yara ke kiwo cikin karnuka, wannan binciken ya shafe mu ƙwarai.

Kuɗin nan ku kashe shi a kan gashi da motsa gaɓoɓi, domin watannin farko ne jiki ya fi karɓa. Ku tambayi likitansa a babban asibiti ya haɗa ku da mai wannan aiki, ya koya muku abin da za ku riƙa yi masa a gida safe da yamma. Maganin hawan jini kada ya yanke ko da ya ce ya ji sauƙi, a rage gishiri da dunƙule a miya. In kuka ga yana shaƙewa da ruwa, ko baki ya sake karkacewa, ku kai shi a ranar, kada a jira gari ya waye.