Amsoshin tambayoyinku: hawa jirgin ƙasa a ƙasar da ba ka jin yarensu

Tambaya: Ina sayar da kayan wuta a kasuwar Sabon Gari. Zan je Chaina karon farko, in sauka Gwanzu (Guangzhou), daga nan in wuce Iwu (Yiwu). Ko kalma ɗaya ba na ji a yarensu, Turancin nawa ma na ciniki ne. Jirgin ƙasa zan hau ko na sama? Wane tikiti zan yanka? (Wani Alhaji, Sabon Gari)

Alhaji, ka hau jirgin ƙasa, kuma kada yaren ya tsorata ka. Abin da ke sa baƙo ya rasa jirgi a Chaina yawanci kuskuren tasha ne. Nan Zariya idan aka ce tashar jirgi kowa ya san ta Sabon Gari ake nufi. Gwanzu kuwa tashoshinta suna da yawa, kuma tsakanin wata da wata sai a yi tafiyar awa guda a mota. Kalmomi huɗu za ka haddace, domin ana liƙa su a ƙarshen sunan gari: nan (南) kudu, bei (北) arewa, dong (东) gabas, xi (西) yamma. Idan tikitinka ya ce Guangzhounan, tashar kudu ke nan, wadda mafi yawan jirage masu gudu suke tashi daga cikinta, tana can bayan gari. Kada ka ce wa direban tasi ya kai ka tashar jirgi kawai. Ɗauki hoton sunan tashar da rubutunsu ka nuna masa a waya.

Harafin da ke gaban lambar jirgi shi ke gaya maka irinsa. Mai G shi ne mafi gudu, kilomita 300 zuwa 350 a awa, kuma zai kai ka Iwu cikin awa shida zuwa bakwai. Mai D yana biye da shi. Masu Z da T da K su ne na da, tafiyar takan wuce awa goma sha biyu, a kwana a hanya. A jirgi mai G ka yanki aji na biyu, ya wadatar: kujera uku a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen, A da F su ne bakin taga, C da D bakin hanya. Ƙarin kuɗin aji na ɗaya gara ka zuba shi a kaya. In kuwa jirgin dare ka zaɓa don ka huta da biyan otal, akwai gado iri biyu. Ɗaya gadaje shida ne a lungu marar ƙofa, uku bisa uku, ɗayan kuma ɗaki ne mai ƙofa da gadaje huɗu. Mai ɗauke da kuɗin sari ya biya na ƙofar. Kujerar zaune a jirgin dare kuwa, kada arharta ta ruɗe ka.

Batun saye. Manhajar hukumar jirgin ƙasarsu sunanta 12306, tana da sashen Turanci, amma sai ta tantance fasfonka kafin ta sayar maka, don haka ka yi rajista tun kana Zariya. Trip.com ta fi sauƙin sha'ani ga baƙo, sai dai tana ɗora ɗan la'ada. Kwana 15 kafin ranar tafiya ake buɗe sayarwa. Ka gwada katinka na dala tun daga gida, domin katin naira ba abin dogaro ba ne a waje. Idan ka fasa tafiya ana maido kuɗi, amma ana cire kashi 20 cikin ɗari in saura ƙasa da awa 24, kashi 10 in tsakanin awa 24 da 48 ne, kashi 5 in ya fi haka. Wanda ya fasa tun saura kwana takwas ko fiye ba a cire masa komai.

Yanzu ba a ba da tikitin takarda. Fasfonka shi ne tikitinka, shi ya sa kuskuren harafi ɗaya a lambarsa ko a jerin sunanka zai tsayar da kai a bakin ƙofa. Ka duba sau biyu, musamman sifiri da harafin O. Wanda ya sabunta fasfo bayan ya sayi tikiti ya taho da tsohon ma.

Ranar tafiya ka isa tasha da awa ɗaya a hannu. Za a saka kayanka a na'ura kamar a filin jirgin sama, wuƙa da manyan gwangwanayen turaren fesawa ba sa wucewa, kuma batirin cajin waya dole a ga ƙarfinsa a rubuce a jikinsa. Daga nan sai babban allo. Kada ka tsaya neman sunan Iwu, domin allon yana nuna ƙarshen zangon jirgi ne, kuma Iwu sau da yawa tasha ce ta kan hanya. Lambar jirginka za ka nema, a gefenta akwai lambar ƙofar shiga. Ana buɗe ƙofar kamar minti 15 kafin tashi, a rufe saura minti biyar ko ƙasa da haka, kuma ba a jiran kowa. 'Yan ƙasa suna bi ta na'ura da katinsu, kai ka bi layin gefe inda ma'aikaci yake tsaye yana duba fasfo da hannu.

Sauka ta fi hawa haɗari. A ƙananan tashoshi jirgin minti biyu ko uku kawai yake tsayawa. Ka saita ƙararrawar waya minti goma kafin lokacin isa da ke kan tikiti, ka ja akwatinka ka tsaya bakin ƙofa. Jiragen nan suna cika lokaci sosai, har agogonka ya fi sanarwar lasifika amfani gare ka.

Guzuri: kowane tarago yana da famfon ruwan zafi kyauta, don haka ganyen shayi da kofi da garin kunu za su yi maka rana. Abincin cikin jirgi kada ka ci sai ka ga alamar 清真, wato halal. Ka riƙe ƙaramar gora don tsarki, ba za ka sami buta a makewayi ba. Manhajar fassara kuma ka sauke Sinancinta cikin waya kafin ka tashi, saboda Google da WhatsApp ba sa aiki a layukan can. Ka kuma kauce wa sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, da makon farko na Oktoba. Tikiti yakan ƙare cikin mintoci, kuma a sabuwar shekarar kasuwar Iwu kanta a rufe take.

Tambaya: Zan raka mahaifina asibiti a Indiya, shekararsa 68. Daga Delhi za mu tafi Mumbai. Wanda ya saya mana tikiti ya turo takarda an rubuta WL 14. Ya ce ba komai. Haka ne? (Wani matashi, Tudun Wada)

Allah Ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, akwai komai. WL jerin jira ne, ma'ana ba ku da gado tukuna, ku ne na 14 a layi, sai wasu sun fasa. Idan tikitin ta intanet aka saya kuma aka fitar da jerin fasinjoji 'yan awanni kafin tashi ba ku samu ba, tikitin ya mutu da kansa, a maido kuɗi, ba ku da izinin hawa. RAC ya ɗan fi shi: za ku hau, amma mutum biyu ne za su raba gado ɗaya a zaune. Marar lafiya ba ya tafiyar awa 16 a haka. Abin da kake so ka gani shi ne CNF, wato an tabbatar, tare da lambar tarago da ta gado. A saman takardar akwai lamba mai alƙaluma goma da ake kira PNR, da ita za ka riƙa duba matsayinku a shafin IRCTC, wato shafin sayar da tikitin jirgin ƙasan Indiya, kullum.

Shawararmu ka sake saye a ajin 2A na jirgin Rajdhani. Akwai sanyaya ɗaki, gado biyu ne kawai bisa juna, da labule, kuma ana ba da zanin gado da bargo da matashi. A 3A gado uku ne, kuma na tsakiya in an shimfiɗa shi na ƙasa ba ya iya zama a miƙe. Ka nemar wa Baba gadon ƙasa lokacin cike fom, ka rubuta shekarunsa daidai, domin ana fifita dattawa daga shekara 60 wajen rabon gadon ƙasa. Kwana 60 kafin tafiya ake buɗe sayarwa. In lokaci ya ƙure akwai Tatkal, kason gaggawa da ake buɗewa ƙarfe 10 na safe ana gobe tafiya, ya fi tsada kuma nan da nan yake ƙarewa.

Delhi ma tashoshinta da yawa: NDLS ita ce New Delhi, NZM ita ce Hazrat Nizamuddin, DLI tsohuwar tasha. Taragon 2A ana rubuta masa A1 ko A2 a jiki, kuma jirgin dogo ne ƙwarai, don haka ka ɗauki ɗan dako mai jar riga ya kai ku daidai inda taragonku zai tsaya, ku yi ciniki kafin ya ɗaga kaya. Duk wanda ya tare ku a ƙofar tasha ya ce an soke jirgi, ku biyo shi wani ofis, kada ku bi shi, ɗan damfara ne. Wajen abinci ka zaɓi na ganye zalla don ka fita daga shakka, ruwa kuma na gora mai hatimi. Maganin Baba da takardun asibiti su kwana a ƙarƙashin matashinka.

Tambaya: Ni da maigidana za mu Umra. Daga Madina zuwa Makka, jirgin ƙasa ko mota? (Wata Hajiya, Samaru)

Hajiya, Allah Ya karɓa. Jirgin Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana cinye kilomita 450 ɗin nan cikin awa biyu da 'yan mintoci, mota kuwa awa huɗu ko fiye. Kaya ne za su raba gardama. Kowane fasinja akwati ɗaya aka yarje masa, kada ya wuce kilo 25, da jakar hannu. In kun riga kun yi tsarabar dabino da dardumai a Madina, ku tura kayan ta mota ku hau jirgi da hannu sake. Ku lura Jidda tasha biyu gare ta, ta filin jirgin sama da ta Sulaimaniyya, kuma tashar Makka ba a bakin Harami take ba, sai kun ƙara tasi ko bas.

Jirgin ba ya tsayawa a miƙati. Miƙatinku, Zul Hulaifa, tana bakin Madina ne, kuma ana wuce daidai da ita jim kaɗan bayan tashi, babu lokacin canza tufafi a makewayin jirgi. Alhaji ya yi wanka ya ɗaura haraminsa tun daga masauki. Wasu sukan ɗauki tasi zuwa masallacin miƙatin su yi niyya a can, sannan su dawo tasha. In haka za ku yi, ku ware ƙarin awa ɗaya da rabi kafin lokacin da ke kan tikiti.