Na sabunta Ubuntu, databes ta daina haɗuwa: shin bayanaina sun tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Ina da kwamfuta daya da nake ajiye lissafin kayan shagon magani a ciki, tana kan Ubuntu 20.04 da PostgreSQL, jiya na sabunta ta zuwa 22.04 saboda an ce tsohon ya daina samun gyara. Tun daga nan manhajar ta ki budewa, sai ta rubuto "connection to server on socket /var/run/postgresql/.s.PGSQL.5432 failed: No such file or directory". Wani abokina yace in canza 5432 zuwa 5433, na canza ta hadu amma tace databes dina babu ita kwata-kwata. Wallahi hankalina ya tashi, in goge komai in sake sakawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka goge komai, kar ma ka kusanci apt purge, wato umarnin cire manhaja har da saitunanta, don shi wannan yana iya tafiya da bayanan gaba ɗaya. Yadda ka kwatanta abun nan, kusan tabbas lissafinka na nan zaune a kan diski, mai buɗe shi ne kawai ba ya nan.

Sabuntawar da ka yi daidai ce, don 20.04 ya fita daga tallafin gama-gari tun watan Mayun 2025. Amma shi 20.04 da PostgreSQL 12 yake zuwa, wato manhajar da ke riƙe databes ɗinka, 22.04 kuma da 14, kuma 14 ba ta iya karanta fayilolin 12 kai tsaye. To lokacin sabuntawa sai Ubuntu ya girka 14 ya buɗe mata sabon wuri fanko, da ya ga ƙofa mai lamba 5432 tana hannun 12 sai ya ba ta 5433. A ƙarshen aikin akwai inda yake tambayarka ko a cire tsofaffin manhajoji, mutane da yawa suna danna y ba tare da sun duba jerin ba, kuma postgresql-12 na iya kasancewa a ciki. Kenan abokinka ya kai ka sabon shago ne wanda ba a zuba kaya ba tukuna, kayanka suna tsohon shago a kulle.

Buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta pg_lsclusters. Za ka ga layi biyu, 12 main a kan 5432 da 14 main a kan 5433, sai ka duba abin da aka rubuta a gaban 12 ɗin. In ka ga down,binaries_missing to zancen da na yi ne. Af, kar ka yarda da systemctl status postgresql a nan, zai nuna maka active da koren rubutu ko da babu abin da ke aiki, saboda shi lulluɓi ne kawai, na gaskiyar shi ne postgresql@12-main. Wannan koren rubutun ya ɓata wa mutane lokaci ba kaɗan ba.

Kafin ka taɓa wani abu ka ɗauki kwafi: sudo tar czf ~/pg12.tar.gz /var/lib/postgresql/12 /etc/postgresql/12 sannan ka kwashe fayil ɗin ka sa a filash ko wata kwamfutar daban. Na san mutum in hankalinsa ya tashi so yake ya tsallake wannan ya je ga gyara, don Allah kar ka tsallake, lissafin shago ba abin wasa ba ne.

Daga nan sai ka dawo da 12 ɗin. Ma'ajiyar da 22.04 ke sauko da manhajoji daga ciki ba ta da ita, sai ka ƙara ma'ajiyar masu PostgreSQL ɗin da kansu, apt.postgresql.org, ka girka postgresql-12, ka tayar da ita da sudo pg_ctlcluster 12 main start, ka mayar da manhajarka kan 5432 ka gani ko kayanka sun fito. In ta ƙi tashi dalilin yana rubuce a /var/log/postgresql/, layukan ƙarshe za ka karanta.

Ba na son ka zauna a kan 12 dai, don ita ma an daina yi mata gyara tun Nuwamban 2024. Sai ka cire fankon nan na 14 da sudo pg_dropcluster 14 main --stop, kuma a nan ka buɗe ido sosai, 14 za ka rubuta ba 12 ba, karanta layin sau biyu kafin ka danna Enter domin umarnin nan ba ya tambayar ko ka tabbata, sharewa kawai yake. Sannan sudo pg_upgradecluster 12 main, shi zai kwashe bayanan ya zuba a sabuwar 14, ya ba ta 5432 ya mayar da tsohuwar 5433. Ka tabbata akwai sarari a diski da ya kai girman databes ɗin don kwafi na biyu zai yi. Tsohuwar kuma bar ta ta yi sati ɗaya ko biyu, sai ka gamsu komai na tafiya lafiya kafin ka share.

In akwai wasu kwamfutoci a shagon da ke haɗuwa da wannan da tsohuwar manhaja, kana sake kalmar sirri suka fara ƙorafin SCRAM, to 14 ce ta koma scram-sha-256 wajen tantance kalmar sirri, direban da ke kansu, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa su da databes, za ka sabunta.

Tambaya: Ni tawa pg_lsclusters ta nuna online, psql ma yana shiga, amma shafin PHP dina yana cewa "could not find driver" bayan na koma 22.04.

Amsa: Taki 'yar'uwa mai sauƙi ce, databes lafiyarta ƙalau. PHP ne ya tashi daga 7.4 zuwa 8.1 bai taho da direbansa ba. Girka php8.1-pgsql, in Apache kike amfani da shi ki yi sudo a2dismod php7.4 da sudo a2enmod php8.1 sannan ki sake tayar da apache2. Masu Python ma irin haka ke samunsu, 3.8 ya koma 3.10, ga OpenSSL ya koma 3.0 sai psycopg2, direban PostgreSQL na Python, ya yi ta neman libssl.so.1.1 na tsohon OpenSSL bai samu ba, su kuma sabon venv, wato keɓantaccen wurin girka kayan Python, za su haɗa su sake girka komai a ciki.