Hajiyarmu tana kan maganin sankarar mama, an ce mu ƙara mata kulorokwin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An yi wa Hajiyarmu aikin sankarar mama a asibitin Shika, yanzu tana shan tamoksifen kullum. Wani ɗan'uwa ya turo mana saƙon murya a WhatsApp, wai kulorokwin yana toshe wa ƙwayoyin kansa hanyar cin abinci har yunwa ta kashe su, likitoci ne ke ɓoyewa. Yayana ya sayo a kemis, ta fara sha tun makon jiya. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya. A dakatar da kulorokwin ɗin nan yau, a bar ta a kan tamoksifen ɗinta. In ta yi kukan faɗuwar gaba, jiri, ko ta yanke jiki ta faɗi, kada a jira gari ya waye, a kai ta Barau Dikko ko asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin maganin.

Abin da ya sa wannan jita-jita ta ƙi mutuwa shi ne akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta. Kusan kowace ƙwayar jiki tana da 'yar jaka mai tsami da ake kira laisozom. Nan ne Pantekar ƙwayar: abin da ta haɗiyo daga waje da tsofaffin kayanta da suka lalace duk can ake kai su, a farfasa, a sake amfani da su. A kan wannan aikin sake sarrafawar ne Yoshinori Ohsumi na Japan ya ci kyautar Nobel a 2016. Kulorokwin yana taruwa a cikin jakar ya kashe tsaminta, aiki ya tsaya. Wasu nau'o'in kansa kuma suna jingina da wannan hanya idan abinci ya yi musu ƙaranci.

To amma maganin bai san ƙwayar sankara ba, bai san ta ido ba, bai san ta zuciya ba. Duk inda ya tarar da jakar nan shiga yake yi. An kuma gwada a kan mutane, ba a ɓoye ba. A 2019 an wallafa gwajin da aka yi a Amurka kan masu kansar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, aka haɗa musu haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin mai aiki irin nasa, da maganin kansa na kemo, adadin waɗanda suka kai shekara guda a raye bai ƙaru ba. Har yau maganin bai shiga jerin magungunan sankarar mama ba. Sauran masu toshe wannan hanya, irin su bafilomaisin da dainaso, kayan ɗakin bincike ne, ba a ba ɗan'adam.

Maganar da nake ji kullum a bakin kantar magani, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce: "Haba Malam, kulorokwin fa? Ai tun muna yara muke sha, in ban da ƙaiƙayi me yake yi?" Eh, mun sha, amma na kwana uku ne, gwargwadon nauyin jiki, a daina. Shi ma tun 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Shan sa kullum ba ranar tsayawa wani abu ne dabam. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa 'yar kaɗan ce. Yana rikita bugun zuciya, yana kada sukarin jini, ƙwaya ɗaya ko biyu na iya hallaka ɗan yaye da ya tsinta a kan tabarma. Ba mu manta Maris na 2020 ba, da aka kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirka wa cikinsu shi don tsoron korona. Daga baya babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna haidiroksikulorokwin bai rage mutuwar masu korona da ke kwance ba. Yau an sake ɗauko maganin nan an liƙa wa sankara, mai kemis kuma ya miƙa bai ko tambayi me majinyaciyar ke sha ba. Wallahi wannan ganganci ne da ran mutane.

Ga Hajiya kuwa haɗarin ninki biyu ne. Tamoksifen shi ma yana iya taɓa bugun zuciya, haɗa su ba likita a kusa kasada ce. Sannan ƙa'idar likitocin ido na Amurka ta 2016 ta lissafa tamoksifen cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin lalacewar bayan ido ga masu shan kulorokwin ko haidiroksikulorokwin. Lalacewar ba ta warkewa, tana ma iya ci gaba bayan an daina sha. Mako ɗaya da wuya ya yi wannan ɓarna, kada ki tayar da hankalinki, amma in ta ce tana gani dishi-dishi, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan Kaduna.

Babban tsorona shi ne mataki na gaba, domin masu irin wannan saƙo ba sa tsayawa nan. Gobe za a ce ta ajiye na asibiti tunda an samu mai sauƙi. Tamoksifen na shekara 5, ga mai irin sankarar da yake yi wa aiki, yana rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada kowa ya raba ta da shi. Masu lufus da masu ciwon gaɓoɓi da likita ya ɗora a kan haidiroksikulorokwin, ku ma kada ku daina don kun karanta wannan. Naku an auna shi da nauyinku, kuma ana duba muku ido.

Ki zauna da yayanki cikin ladabi, son Hajiya ne ya kai shi. Ku rubuta ƙwaya nawa ta sha, sau nawa a rana, tun wace rana, ku kai wa likitanta a Shika cikin makon nan, ku roƙa a yi mata gwajin bugun zuciya. Ragowar maganin a ɗauke shi daga inda jikoki ke kaiwa.