Ƙanina ya kamu da ciwon hanta a gidan yari, zan iya kai su ƙara?

Salam Barista, dan Allah ƙanina ne a tsare wata 14 kenan yana jiran shari'a, da naje ziyara sai naga idonsa yayi ruwan ɗorawa ya rame sosai, yace an gwada shi ance ciwon hanta ne amma har yau banda maganin zazzaɓi ba abinda suke bashi. Wallahi lafiyarsa ƙalau ya shiga. Zan iya maka su a kotu su biya diyya?

Wa alaikissalam 'yar uwa, Allah ya bashi lafiya. Maganar diyya ki ɗan ajiye ta tukuna, ba wai babu ita bane, ita ce dai mafi wuya. Alƙali zai tambaya mene shaidar cewa a can ya ɗauka, kuma in ba'a gwada jininsa ranar da aka kawo shi ba toh babu abin kwatantawa, gashi ciwon hanta nau'i-nau'i ne, kuma nau'in B da yawan mutane tun haihuwa ko yarinta suke ɗauke da shi shekara da shekaru ba alama. Lauyan gwamnati nan zai fara kamawa.

Amma zarginki ba shaci-faɗi bane. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa cikin fursunoni kusan miliyan 10 a duniya, kashi 15 cikin ɗari na da nau'in C, kusan kashi 5 kuma na da B mai daɗewa. Reza ɗaya mutum goma suna aski da ita, allura ana karɓa-karɓa, zanen jiki da tsinken ƙarfe, duk jini ne ke haɗuwa. Nau'in A da na E kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci suke zuwa. Kinga kenan dole ki fara sanin wane nau'i ne, dan C ana warkewa da ƙwayoyi cikin wata 3 galibi, B kuwa danne shi ake yi.

Inda kike da ƙarfi shine maganar magani. Akwai Ƙa'idojin Nelson Mandela kan kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince dasu a 2015. Ƙa'ida ta 24 tace lafiyar fursuna nauyin hukuma ne, kyauta, daidai da yadda ake duba na waje. Ta 27 tace wanda yake buƙatar ƙwararren likita a kai shi asibitin waje, kuma gandiroba bashi da hurumin soke abinda likita ya yanke. Ta 26 ta bashi damar ganin fayil ɗinsa na asibiti ko ya wakilta wani ya gani, wato ke. Tunda kuma ba'a yanke masa hukunci ba, ta 118 ta yarda likitansa na kansa ya shigo ya duba shi in akwai dalili kuma zaku iya biya. Gaskiya ɗaya dai, waɗannan ƙa'idoji ba doka bace mai tilastawa kai tsaye, lauyanku sai ya jingina su da dokar gidajen yari da tsarin mulkin ƙasarku.

Abinda nake so kiyi a satin nan, ki rubuta takarda zuwa ga shugaban gidan yarin, kar ki tsaya roƙon baki a bakin ƙofa dan gobe za'a ce ba'a taɓa jin labari ba. Ki sa sunan ƙaninki da ranar da kika ga alamun, ki nemi sakamakon gwaji da kai shi asibiti, kiyi kwafi biyu a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki ɓoye. Shima ƙaninki ya sa hannu a takardar izinin ki ga fayil ɗinsa, in ba haka ba likita zai ce sirrin mara lafiya ne, kuma da gaskiyarsa. Ƙa'ida ta 56 ta halatta dangi su kai koke in shi ko lauyansa basu samu dama ba.

In anyi shiru sai lauya ya shigar da buƙata gaban alƙalin dake shari'ar, ko umarnin a kai shi asibiti ko beli bisa rashin lafiya. Belin ba tabbas bane, ya danganta da laifin da ake tuhumarsa, kuma alƙalai sun gaji da ciwon ƙarya, rahoton likita mai hatimi suke dubawa. Wannan takardar da kika ɓoye kuma ita za ta zama shaidarki ta farko ranar da kuka tashi neman diyya kan sakaci, dan ita ke nuna an sanar dasu basu yi komai ba.

In kinje ziyara ta gaba ki tambaya ko za'a bari ki kai masa rezarsa da buroshinsa shi kaɗai, kar ya ba kowa aro. In kuma B ne, ke da mutanen gida kuje gwaji a yi muku rigakafi.