Filin Tambayi Anti: Zan iya barin silo kuka a kunne in tafi aiki?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki raba mu gardama ni da maigida. Ni malamar makaranta ce a nan Gombe, muna zaune a Tumfure, bakwai da rabi nake fita bana dawowa sai wajen uku, in akwai mitin har la'asar. Yayata da ke aure a Ingila ta aiko min da tukunyar nan ta lantarki mai dafa abinci a hankali, silo kuka, tace ita da safe take zuba nama da kayan miya ta kunna ta tafi aiki, ta dawo ta tarar ya yi luguf. Ran Asabar ina gida na gwada da ƙafar saniya, wlh ban taɓa cin farfesu mai laushi haka ba. Toh ran Litinin na haɗa komai zan fita sai Abban yara yace sam ba a gidansa ba, ya zare filogin, wai ko na manta gobarar da aka yi a layinmu bara daga hita ta tashi. Nace ai wannan ba hita bace, yace duk wuta wuta ce. Har yau tana cikin kwali. Anti wa ke da gaskiya?

Uwar biyu, Tumfure

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya bar zumunci tsakaninki da yayarki. Kina da gaskiya shima yana da tasa, amma abin da ni ya fi tsorata ni game da tukunyar nan a garinmu daga ke har shi ba wanda ya ambata.

Bari in fara da inda kika yi daidai. Silo kuka ba hita bace. Hita ko butar lantarki tana jan wat (ma'aunin cin wuta) 1000 zuwa 2000, dutsen guga ma ya kan kai 1000, ita kuwa wannan yawanci tsakanin wat 100 ne zuwa 300, kuma zafin a jikin bangonta yake zagayawa a hankali, murfi a rufe, tururin yana komawa ciki shi yasa ruwan baya ƙonewa da wuri. Dama don a bar ta a tafi aka ƙera ta. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya samu rajistar ƙirarta a 1940, daga labarin wani dahuwar wake da nama da danginsa ke yi a Lituwaniya, a kai tukunya cikin tandar mai burodi da ta fara hucewa ta kwana tana nuna. A 1971 kamfanin Rival ya fito da ita da sunan Crock-Pot, lokacin da matan Amurka suka fara fita aiki da yawa. Kinga ai ba baƙon abu bane a wajenmu, haka iyayenmu ke barin tukunyar ganda ko kan rago a bakin garwashi ta kwana, da asuba a tarar ƙashi na rabuwa da nama.

Sai dai an ƙera ta ne don ƙasar da ba a ɗauke wuta. Yayarki in ta kunna ƙarfe bakwai ta san har uku tukunyar na aiki. Ke fa, kin tabbata?

Ni ya taɓa faruwa da ni shi yasa nake magana da zafi. Tawa mai maɓallin murɗawa ce, na zuba kayan ciki kusan kilo biyu na fita da safe, da yamma na dawo gida ya cika da ƙamshi, tukunya da zafinta tana ɗan ɓararraka, har na ɗauko faranti sai maƙwabciyata ta leƙo aron ludayi take cewa yau kam mun sha zafi tun tara aka ɗauke wuta sai bayan azahar aka dawo da ita. Wato naman nan ya yi awa huɗu a zaune cikin ruwan ɗumi, bai dahu ba bai yi sanyi ba, da wuta ta dawo tukunyar ta ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru. Na zubar da shi raina na ƙuna, don kin san kuɗin nama yanzu, amma ban iya ba yarana ba.

Dalili kuwa, ƙwayoyin cutar da ke lalata ciki sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60, wasu cikin minti 20 kacal suke ninka kansu. Ƙa'idar masana abinci ita ce kar nama ya wuce awa 2 a wannan yanayin, in kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ce, ke kuma kin san Gombe a Maris da Afrilu sai ta taɓa 40. Nasan za ki ce ai in an sake tafasawa shikenan, haka muka taso muna ji. Tafasa tana kashe ƙwayar amma akwai waɗanda kafin su mutu sun riga sun zuba dafi a cikin abincin, shi kuma dafin wuta bata kashe shi, ba wari ba canjin launi, sai dai cikin dare ki ji yaro na amai da gudawa. Ma'aikatar noma ta Amurka ma shawarar da take ba masu silo kuka kenan, in wuta ta ɗauke ba kya gida ki zubar ko da ya yi kamar ya dahu. In kina gida ne kuwa ba matsala, ki juye a tukunya ki ɗora a gas ko gawayi nan take ki ƙarasa.

Ga kuma lo karen, wato wuta ta zo ba ƙarfi, wanda ya fi ɗaukewar ma yaudara don fitilar tukunyar na kunne. Wutarmu bolt 230 ya kamata ta zo, in ta sauko 160 zafin da tukunyar ke bayarwa bai kai rabi ba, nama sai ya daɗe a wancan yanayin da bamu so.

Ki duba taki wace iri ce. Mai murɗawa ita ce mai ɓoye laifi kamar tawa. Mai lambobi a fuska, da yawansu in wuta ta ɗauke basa ci gaba da kansu, za ki dawo ki tarar tana ƙyaftawa abinci ya huce, asara ce amma aƙalla kin sani. In mai murɗawa ce ki nemi ɗan agogon nan na jonawa a soket wanda in wuta ta ɗauke yake komawa 12:00 yana ƙyafta ido, ko ki roƙi maƙwabciya ta turo miki saƙo.

In kuna da sola labari ya canza. Tukunya mai wat 200 a awa 8 yunit 1.6 take ci, kuma da rana ne lokacin da rana ke dukan fanel, yawancin inbata na gida za su ɗauke ta. Ki dai tambayi wanda ya haɗa muku.

Yanzu maganar Abban yara, kar ki raina tsoronsa, wanda ya ga gobara a layinsu dole ya ji tsoron filogi. Amma ki gaya masa inda haɗarin yake, ba cikin tukunyar bane sosai, a bango yake. Soket mai lilo wanda sai an tokare filogi da ashana, estenshan ɗin nan mai arha da ake lodawa firij da fanka da caja, waya da ɓera ya gwaguya a bayan kabad, da wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi. Ki juya gindin tukunyar ki karanta, in an rubuta 220 zuwa 240 tamu ce, kuma tunda daga Ingila ta zo haka za ki gani, filoginta mai ƙafa uku da fyus a ciki daidai yake da soket ɗinmu. Masu sayen na gwanjo su ne nake ja wa kunne, kayan Amurka bolt 120 ne, ki jona a tamu kai tsaye sai hayaƙi. Ki jona ta a bango ita kaɗai, in da hali ki sa mata na'urar kariya irin wadda ake sa wa firij, ki ajiye ta kan tayil ko siminti nesa da labule da leda da kwali, nesa da silindar gas, galan ɗin man janareto kuwa dama bai kamata ya kwana a kicin ba. Wayar kar ta reto inda yaro zai ja.

Wajen haɗin ma akwai kula. Kar ki zuba nama da ƙanƙararsa daga firiza, ki saukar da shi cikin firij tun dare ya saki. Ki cika ta rabi zuwa kashi biyu cikin uku, ki kunna a babban zafi tun kina shirin yara sannan ki rage in za ki fita. Jan waken nan na Turawa mai siffar ƙoda sai an tafasa shi sosai aƙalla minti 10 a wuta kafin ya shiga, don zafin silo kuka baya kashe gubar da ke jikinsa. Kuma ba a ɗumame a cikinta.

Da ni ce ke, in ba sola kuma ba kowa a gida, bazan bar ta awa takwas ba. Ki mayar da ita ta dare, ki haɗa bayan isha'i, in an ɗauke wuta fanka na tsayawa za ki farka ki juye a gas, da asuba ki raba a ƙananan robobi ki sa a firij. Ko ki yi dabarar da bata buƙatar wuta sam, ki tafasa nama a tukunya mai kauri a cike, minti 20 zuwa 30, ki sauke da murfinta ki naɗe da tsohon bargo ki cusa a kwando, zai ci gaba da nuna da zafin kansa. A Afirka ta Kudu wata mata Sarah Collins ta mayar da wannan sana'a a 2008 lokacin da suke fama da ɗaukewar wuta, jakar ana kiranta Wonderbag. In kin dawo ki tabbatar tukunyar da zafin da hannu baya iya riƙewa sannan ki sake tafasawa, in ɗumi kawai kika tarar to hukuncinta ɗaya da na kayan cikina.

Shi kuma maigida kar ki yi a bayan idonsa. Asabar mai zuwa yana gida ki ce dan Allah ya zo ya duba miki soket ɗin da kansa, ki kunna, bayan awa uku ko huɗu ya taɓa filogin da hannunsa. In ya ji zafi ko ƙaurin roba a kira mai wayarin kafin a sake jona komai a wurin. In lafiya lau, ki zuba masa romon ku zauna ku yi maganar dare ko sola.

Anti ina wuni. Ni gwauro ne a Jekadafari, bani da irin tukunyar nan, hotfilet gareni. In na rage shi can ƙasa zan iya barin wake a kai in je shago in dawo?

Ƙaninki

A'a ƙanena, dan girman Allah kar ka yi. Hotfilet wat 1000 ne zuwa 1500, zafin duk a gindin tukunya yake, ruwa na ƙarewa wake zai kama ya ƙone, ga ɗakin gwauro katifa da labule da kaya duk wuri ɗaya. Wani abin da ke cin mutane ma shi ne a ɗauke wuta kana cikin girki, ka fita ka manta a kunne, a dawo da ita ba ka nan. Ka jiƙa waken tun dare ya rage maka lokaci, ka dafa kana zaune, in za ka fita ko masallaci ne ka zare filogin daga bango ka ɗora shi kan takalminka don ka gani da idonka.