Tsohuwar Kwamfutata Ta Ƙi Ɗaukar Windows 11, In Koma Linux Mint?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof tokunbo mai RAM giga 4, da ita nake buga wa ɗalibai furojet da takardun neman aiki. Windows 10 ce a kanta, tana ta nuna mini cewa an daina kula da ita, Windows 11 kuma ta ƙi hawa. Ƙanena ya ce in sa Linux Mint, wai kyauta ce kuma ba ta kama bairos. Ni kuwa na san araha ba ta ado. Wa ke yin ta, me yake samu, kuma aikina zai tafi a kanta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, da farko ka kwantar da hankalinka, kwamfutarka ba ta lalace ba. Microsoft ce ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta daga ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026 ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Ita kuwa Windows 11 tana neman wani guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma furosesa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. Galibin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu sun girmi wannan. Injin lafiyarsa ƙalau, ƙofa kawai aka rufe masa.

Tambayarka ta wa ke yin ta ita ta fi muhimmanci, don haka zan ɗan zauna a kanta.

Ka san aikin gayya. Yau a taru a gonar wane, gobe a gonar wane, ba wanda ya ɗauki wani haya, amma kowa ya amfana. To kusan haka aka gina wannan babbar manhaja, hawa-hawa. A 1983 Richard Stallman ya fara shirin GNU a Amurka, da nufin a samu manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wato sashen da ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta, shi ne Linux. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, ƙungiyar 'yan sa-kai da ke tattara dubban manhajoji su jera su su dace da juna, har yau kuma ba ta da mai ita, zaɓen shugaba suke yi duk shekara. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya ɗauki aikin Debian ya gina Ubuntu a kai ta hannun kamfaninsa Canonical. Sai a 2006 wani Bafaranshe mazaunin ƙasar Ailan, Clément Lefèbvre, ya fitar da Linux Mint, wadda aka ɗora kan Ubuntu. Kowa ya tarar da ginin wani, ya ɗora bulonsa, kuma lasisin ne ya halatta masa. Mafi shahara a cikin lasisin shi ne GPL, wanda ya ce in ka gyara ka raba, dole ka bar wa na bayanka 'yancin da ka samu.

Me suke samu? Ba duka ne ke aikin kyauta ba, kada wani ya ruɗe ka. Da yawa daga cikin masu rubuta zuciyar Linux ma'aikata ne masu albashi a Intel, Google, Red Hat da ire-irensu, domin kamfanonin sun dogara da ita. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux take tafiya, haka manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, tun 2017 dukkansu Linux ce a kai. Ita Mint ƙaramar tawaga ce, tana rayuwa da gudummawar masu amfani da ita da wasu kamfanoni masu tallafawa, kuma duk wata sukan wallafa abin da aka tara da sunayen waɗanda suka bayar. Ba za ta nemi lambar lasisi ba, ba za ta tilasta maka buɗe asusu kafin ka shiga kwamfutarka ba. Saboda haka ba irin kyautar nan ba ce ta kwafin sata da ake loda wa mutane a kasuwa, wanda ba ka san me aka cusa a ciki ba. Wannan halal ɗinka ce, ka sa a kwamfuta ɗari in ka ga dama.

Abin da ya sa nake ganin girman Mint shi ne tana jin maganar mutanenta. A 2011 aka fitar da GNOME 3, sabon zubin fuskar allon da Mint ke amfani da ita a lokacin, aka sauya fuskar da mutane suka saba da ita gaba ɗaya. Masu amfani da Mint suka ce ba su yarda ba, tawagar ta zauna ta ƙera tata fuskar mai suna Cinnamon. Shi ya sa in ka kunna ta yau za ka ga madannin jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo a dama, kamar dai Windows 7. Hannunka ba zai yi baƙunta ba.

Maganar bairos kuwa, ƙanenka ya faɗi rabin gaskiya. Wannan bairos ɗin na filashi da ke ɓoye takardun ɗalibi ya bar masa gajerun hanyoyi marasa amfani, don Windows aka rubuta shi, a kan Mint ba ya motsi. Kai da ɗalibai ke kawo wa filashi iri-iri kullum, wannan kaɗai babban sauƙi ne: za ka soka filashin, ka ga fayilolin da aka ɓoye, ka ga shi kansa bairos ɗin kwance, ka goge shi. Sai dai in ba ka goge ba, zai iya wucewa ta hannunka zuwa kwamfutar wani. Kuma ba a ce Linux ba ta taɓuwa ba. A ranar 20 ga Fabrairu 2016 ɓarayin intanet sun kutsa shafin Mint, suka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na fitowa ta 17.3. Lefèbvre ya fito ya sanar da duniya nan take, aka sauke shafin aka gyara. A Maris 2024 kuma aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da wani ya shafe shekaru yana neman amincewar jama'a kafin ya dasa ta a wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata, ya bi sawu har ya tono ta, kafin ta kai ga fitowar da jama'a ke amfani da ita. Ya iya bin sawun ne don rubutun a buɗe yake. Wannan shi ne amanar da ake nufi: ba wai babu mugu ba, a'a, babu ɗakin da aka kulle aka hana kowa leƙawa.

Yanzu aikinka. In buga rubutu ne, Mint na zuwa da LibreOffice, tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, tana kuma adanawa a tsarinsu. Rubutu zalla ba matsala. Inda ake samun tangarɗa shi ne furojet mai tebura da yawa da lambobin shafi iri biyu, wani lokaci layi ya zame, shafi 60 ya koma 62. Yawanci salon haruffa ne sila. Ka sa haruffan Carlito, faɗinsu ɗaya da Calibri, su kuwa Liberation sun yi daidai da Times New Roman da Arial. Abin da za a kai wajen bugawa kuma ka mayar da shi PDF tukuna, ba abin da zai motsa. Ga masu rubutun Hausa akwai wani alheri: cikin jerin allunan rubutu akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Gana, ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ka nemo wata manhaja ba.

Amma in kana yin katin biki ko kalanda da CorelDRAW, tsaya. CorelDRAW da Photoshop da shi kansa Microsoft Office ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP, suna da ƙarfi ƙwarai, sai dai koyo ne sabo, kuma fayil ɗin Corel da abokin ciniki zai kawo ba lallai ya buɗe yadda yake ba. In nan ne abincinka yake, ban ba ka shawarar goge Windows ba. Haka firinta: na HP galibi da ka soka suke kamawa, wasu tsofaffin samfura na wasu kamfanoni kuwa sai an sha fama.

Ba sai ka ɗauki maganata ko ta ƙanenka ba, gani ya kori ji. Mint na iya tashi daga filashi ba tare da ta taɓa komai a kwamfutarka ba. Ka nemi filashi mai giga 8 wanda ba ka buƙatar abin da ke ciki, don za a goge shi. Ka sauke fayil ɗin daga shafin Mint na ainihi, ya kusa giga 3, don haka ka jira datar dare. Ka duba lambar tantancewa ta SHA256 da suka wallafa ta yi daidai da ta fayil ɗinka, darasin 2016 ke nan. Ka rubuta shi a filashin da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ka kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F12 in Dell ce ko Lenovo, F9 in HP ce, ka zaɓi filashin. Daga nan ka gwada abin da ya dame ka da gaske: ka buɗe furojet mafi rikitarwa da ka taɓa bugawa, ka haɗa firintarka ka fitar da shafi ɗaya, ka gwada sauti da Wi-Fi. In Wi-Fi bai kama ba, haɗa wayarka da kebul ka ba ta intanet, akwai wurin sa direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki) a cikin saituna. Za ka ji ta ɗan yi nauyi, filashin ne ke jawo haka.

Fitowa ta 22, wadda ta fara a Yulin 2024 da sunan Wilma (sunayen mata suke ba kowace fitowa), za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Tana neman RAM giga 2 a ƙalla, sun fi son 4, da wurin ajiya giga 20, kuma sai inji mai bit 64. Taka ta isa. Cinnamon za ta tafi a kanta, amma ni da Xfce zan fara, wata fuskar ce ta Mint, ta fi sauƙin nauyi. Kada ka sa ran abin al'ajabi in ka buɗe shafuka 20 a burauza, giga 4 giga 4 ce a ko'ina. In kana da ɗan kuɗi, canza tsohon faifan ajiyar da SSD, za ka ga bambanci fiye da duk wata dabara.

In gwajin ya yi maka, kwashe duk takardunka zuwa wani wurin daban kafin ka danna komai, ka kuma tabbata batir a cike yake ko janareta na aiki, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba faifai na iya cinye aikin shekaru. Ka zaɓi a sa ta gefe da Windows, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wadda za ka shiga. Da ta gama hawa, kunna Timeshift, ita ce ke ɗaukar hoton tsarin don ka koma baya in wata sabuntawa ta ɓata wani abu. Ka yi wata guda kana aikin ɗalibai a Mint, Windows ɗin kuma ka bar ta don abin da ya gagara, amma ka raba ta da intanet da harkar banki.