Dashen tik da sauran tsirran daji: abin da idona ya gani

Malam, ka tambaya ko dasa bishiyar tik (teak a Turance, wadda ake dasawa don katako) yana korar sauran tsirrai, ko kuwa daji ai daji ne tunda kore ne. Na daɗe ina aikin gandun daji, bari in ɗan tofa albarkacin bakina.

Shiga gonar tik mai shekara 15 da rani ka dubi ƙasa. Ganye ne jibge, kowanne ya fi faranti faɗi, busasshe ƙayau, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ba ya ruɓewa da wuri, iri in ya faɗo sai ya maƙale a kansa, bai taɓa ƙasa ba. Sai gobara ta zo. Ita tik ɓawonta na jure wuta, ko sare ta aka yi kututturen toho yake, amma 'yan tsirran da suka fara leƙowa sai ƙurmus. Da damina kuma ta rufe sama ruf.

Akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba. Ruwan sama na taruwa a kan faffaɗan ganyen nan, ya faɗo da nauyi yana tona ƙasa. A gangare na sha ganin saiwoyi a waje tsirara. Na taɓa tsugunawa in ƙirga ire-iren tsiron da ke ƙarƙashinta, yatsun hannuna suka ishe ni. Da na tsallaka dajin asali da ke maƙwabtaka, masu yaɗo kaɗai suka rikita min lissafi.

Ba laifin bishiyar ba ne fa. A mahaifarta, Indiya, Myanmar, Tailan da Laos, cikin gora da sauran itatuwa take tashi. Mu ne muka jera ta ita kaɗai kamar sojoji, tun dashen Nilambur na Indiya a shekarun 1840.

Ni ma ga tambayata: me ke wurin kafin a dasa? In daji aka share, an tafka asara, katako ba zai biya ba. In fako ne da ƙasa ta gaji, tik na iya zama alheri, don tsuntsaye da jemagu na sauka su zubar da iri. Wani yanki da muka rage bishiyoyinsa rana ta samu shiga, muka share masa hanyar tare gobara, muka bar bakin rafi ba a taɓa ba, bayan 'yan damina sai da adda muke ratsa shi.